Igiyar Takalmin Whitlow

Ranar da aka kawo mana Orrin Tackett a matsayin manaja, abu na farko da ya kalla a jikinmu shi ne ƙafafunmu. Ni ne mai cafe ƙwallo a ƙungiyar, wanda ke tsugunawa a bayan mai bugu, saboda haka karantar mutane sana'ata ce. Amma wannan mutumin tun ranar ya ɗaure mini kai. Ya bi layi yana gaisawa da kowa, idonsa a ƙasa, har ya iso kan Darnell Whitlow, babban mai jifanmu, wanda ya fara cin abinci da besbol tun wasunmu suna firamare.

"Igiyar takalminka ta kwance," in ji Tackett.

Whitlow ya dube shi sama da ƙasa, ya fasa cingam ɗinsa. "To, Koci. Sai kuma me? Ƙarfe nawa za a kashe mana fitila mu kwanta?"

Ɗakin ya ɓarke da dariya. A wurinmu, Skip ake ce wa manaja. Koci na 'yan makaranta ne, kuma daga can Tackett ya fito. Ya yi shekara ashirin da wani abu yana horar da ɗalibai a wata kwaleji a Kentucky, ya tara kofuna, amma shi kansa bai taɓa buga wasan ƙwararru ko sau ɗaya ba. Sunan Koci ya manne masa. Manajan da 'yan wasansa suka ƙi kira Skip kuwa, da wuya ya ga ƙarshen kakar wasa a kan kujerarsa. Mun san haka, shi ma ya sani.

Ni dai ban tsane shi ba, mamaki yake ba ni. Bakinsa ba ya hutawa. Ya san sunan uwar kowa, ya san wanda bai karya ba, kuma ba ya wuce riga a waje ko igiya a kwance bai yi magana ba. Wata rana a cikin bas, muna hanyar Iowa, na koma kusa da shi.

"Koci, don Allah me ke tsakaninka da takalman mutane?"

"Pawlak, yaro ɗan shekara sha takwas ba zai taɓa ce maka yana ciwo ba. Tsoro yake kada a ajiye shi a benci. Sai dai ka gani da idonka."

"Ai mu ba yara ba ne."

"Haka kuke ta gaya mini," ya ce, ya miƙo mini gyaɗa.

Abin ya zo ne wata Lahadi da rana a watan Agusta, a filinmu na gida. Whitlow ne a kan tudun jifa. Tun zagayen farko na ji ƙwallon yana faɗowa cikin safar hannuna da wani irin nauyi da na daɗe ban ji ba. Kafin mu ankara an shiga zagaye na shida cikin tara, kuma babu mutum ɗaya daga abokan hamayya da ya sami bugun da ya kai shi tasha, wato inda mai bugu ke rugawa ya tsaya in ya buga da kyau. Duk tsawon shekarunsa Whitlow bai taɓa kammala wasa a haka ba, kuma a shekarunsa ba mai zaton dama za ta sake zuwa.

A camfin wasan, irin wannan abu ba a faɗar sunansa yana cikin faruwa, don kada ya lalace. Ba a yi wa mai jifa magana, ba a zama kusa da shi, wanda ya zauna a wuri ba ya canzawa. Whitlow yana can ƙarshen benci shi kaɗai kamar mai cutar ƙyanda. Ni kuwa Tackett nake leƙe, don ina so in ga ko mutumin nan zai iya yin shiru. Ya iya, amma ya sha wuya. Gyaɗa yake ta ɗurawa a baki don kada magana ta kuɓuce masa.

Da muka dawo benci bayan zagaye na takwas, na ga Tackett ya daina tauna. Na bi idonsa. Igiyar takalmin Whitlow ta kwance. Whitlow ya sunkuya, ya kai hannun dama da yake jifa da shi, ya tsaya, sannan ya cusa igiyar cikin takalmin da hannun hagu. Na zaci camfi ne, wato ba ya so ya canza komai. Na ce a raina, Allah ya sa Koci kada ya yi abin kunya yau.

A zagaye na tara Whitlow ya fitar da mutum na farko. Saura biyu wasa ya ƙare. Jama'a duk sun miƙe tsaye. Igiyar ta sake zamewa tana ja a ƙasa. Sai ga Tackett ya ɗaga wa alƙalin wasa hannu, ya fito daga rumfa yana tafiya a hankali zuwa tudu. Ihu ya tashi a filin. Na cire abin rufe fuskata na bi shi.

"Koma ka zauna," in ji Whitlow, bai ko dube shi ba.

"Igiyarka ta kwance."

"Kai, tsoho, lafiyarka ƙalau kuwa? Ka san abin da nake..."

"Kada ka faɗa. Ba a faɗa." Tackett ya karɓi safar hannun Whitlow ya miƙo mini. "Ɗaure ta da kanka, Darnell. Na rantse in ka ɗaure, zan koma in zauna, ba za ka ƙara jin bakina ba sai gobe."

Whitlow ya yi tsaki, ya ajiye ƙwallon, ya durƙusa. Ina tsaye a kansa, na ga komai. 'Yan yatsunsa biyu na ƙarshe sun lanƙwashe kamar ba nasa ba. Ya kama igiyar ta suɓuce. Ya sake kamawa, ya yi madauki, ya kasa zura ɗayan. Duk yinin nan da ragowar yatsunsa yake jifa, ni da nake cafewa ban gane ba.

"Tun yaushe?" in ji Tackett.

"Saura mutum biyu, Koci. Biyu kacal." Ban taɓa jin muryar Whitlow haka ba, kuma na ji tausayinsa har cikin raina.

Tackett ya matso. Ya durƙusa a cikin ƙasar tudun, a gaban dubban mutane, ya ɗaure masa igiyar. Sannan ya miƙe ya buɗe tafin hannunsa, alamar ya cire shi daga wasan. Whitlow ya daɗe yana kallon hannun nan kafin ya ɗauki ƙwallon ya sa masa.

Wanda ya maye gurbinsa, jifansa na farko aka buga ƙwallon ya wuce ta tsakiya, mai bugu ya kai tasha. Shi ke nan, abin ya lalace. Mun ci wasan, amma ɓawon gyaɗa aka yi ta watsa wa Tackett har ya shige ciki.

A ɗakin canza kaya ba wanda ya kunna waƙa. Likitan ƙungiya ya duba gwiwar hannun Whitlow, ya ce jijiya ce, gobe sai asibiti. Wani ya tambaye shi ko da an bar shi ya jefa wa mutum biyun da suka rage zai yi masa illa, ya ce shi bai sani ba, kuma ba wanda ya sani. Tackett yana zaune a ofishinsa, ƙofa a buɗe, hularsa a kan gwiwa. Kowa ya bi ta wurin sai ya kau da kai. Ni kaina wucewa na yi.

Whitlow yana kan benci, hannunsa cikin ƙanƙara, ya cire takalmi ɗaya yana ta fama da ɗayan da hannun hagu. Ya ja, ya ciza leɓe, ƙullin ya ƙi. Kowa ya san ra'ayin ɗakin nan a bakinsa yake, don haka duk muka yi kamar ba shi muke kallo ba.

Can ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ofis.

"Skip!" ya ce da ƙarfi. "Zo ka kwance abin da ka ɗaure. Ƙulli biyu ka yi mini, sai ka ce ɗan makaranta."