Ranar da Honorabul Mashkura Ta Kira Suna

Shekara bakwai na yi ina akawun kwamiti a Majalisar Wakilai, na kuma san yadda zama da ministoci yake tafiya: a yi musu barka da zuwa, su karanta takarda, a tafa, a watse. Don haka ranar Talatar da aka gayyato ministoci biyu, ɗaya kan ƙarancin malamai, ɗaya kan muhalli, ban sa ran jin wani sabon abu ba.

Honorabul Mashkura Sale ce ta nemi a yi zaman. Sabuwar shiga ce a majalisa, kafin siyasa ta yi shekara ashirin tana koyar da lissafi. Ba ta da yawan magana, har wasu abokan aikinta ba su san muryarta ba.

Minista na farko, Alhaji Labaran, ya yi rabin awa yana karatu. Da ya gama, ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, a shafi na tara akwai firamaren Unguwar Maliki, can bayan Karshi. Malamai nawa aka rubuta mata?"

Ya duba. "Goma sha ɗaya."

"To, da izinin shugaba, zan kira suna kamar yadda muke yi a aji. Shugabar makarantar, Madam Perpetual, tana nan, ita za ta amsa."

Aka yi 'yar dariya. Wata dattijuwa mai tabarau ta miƙe daga kujerun baya, riƙe da jakarta a ƙirji.

"Meshach Danjuma."

"Ya yi ritaya, ma."

"Zuhra Sani."

"Ta nemi canji, ta koma Garki."

"Fu'ad Haruna."

"Ya rasu bara."

Daga nan dariyar ta ɗauke. Ana zuwa ƙarshen jerin, mutum uku kacal aka samu suna zuwa aiki, har da ita Madam ɗin, ga yara sama da ɗari huɗu. Alhaji Labaran ya juya ya kalli daraktan da ke zaune a bayansa, daraktan ya sunkuyar da kai.

"Madam, me yake korar malamanki?" in ji Mashkura.

"Hayaƙi ne, ma. Bola ce a bayan katangarmu, kullum ana ƙona ta. Malami ya yi wata biyu yana tari, sai ya tafi. Yara kuwa ba su da wurin zuwa."

Mashkura ta juya ga minista ta biyu, Dokta Fadima. Ita kuwa ta ce, bisa rahoton da ke gabanta, an rufe wannan bolar tun watan Fabrairu.

"Ranki ya daɗe, ranar Alhamis ina can. Motoci shida suka juye shara a kan idona. Ban ce kin faɗi abin da ba haka ba da gangan. Cewa nake wanda ya rubuto miki rahoton bai taka wurin ba."

Shugaban kwamiti ya buga guduma, ya ce lokacinta ya ƙare. Kowa ya san dalili: ministocin 'yan jam'iyyarsu ne, shi da ita. Sai wani ɗan adawa, Honorabul Alexander, ya ce ya bar mata mintinansa biyar. Ta yi masa godiya, ta ce ɗaya ya ishe ta.

"Tambaya ɗaya ce ta rage. Cikin ku biyun, wa zai bi ni ranar Juma'a da safe?"

Dokta Fadima ta rufe fayil ɗinta. "Ni zan je."

Ta kuwa je, ni ma na bi su don rubuta rahoto. Ba ta yi minti goma a aji huɗu ba idanunta suka fara hawaye. Ta fito tana tari, ta tsaya jikin mota ta yi ta buga waya.

Bayan mako uku motocin shara suka daina zuwa. Da aka koma sabon zango, an tura malamai biyar. Biyu ba su zauna ba, saboda nisan hanya. Ita kuwa Mashkura, manyan jam'iyya sun kira ta sun yi mata faɗa, aka kuma cire sunanta daga tawagar da za ta je taro ƙasar waje. Da na yi mata jaje, sai ta ce, "Zacharias, da ma a satin taron ina da makarantu biyu a Karmo da ban leƙa ba. Ka nemo mana rana a wata mai zuwa, a sake gayyato Alhaji Labaran."

Na buɗe kalanda, na ba ta ranar sha huɗu.