Koren Fenti a Ƙofar Bi Mwanaidi

Ranar wata Talata ce a watan Janairu, irin ranar da iskar teku ke ƙin motsi a Mombasa, zafi ya kwanta a lungunan tsohon gari kamar jiƙaƙƙen bargo. Kombo yana zaune a dakalin gidansu yana fifita da guntun kwali, yana kallon wasu Turawa huɗu da suka tsaya ɗaukar hoton ƙofar gidan. Ba wanda ya gaishe shi. Ɗaya ma ta yi masa nuni da hannu ya matsa, wai ƙafarsa tana shiga hoton.

Ya matsa. Tun da ya bar makaranta yake bin irinsu, daga bakin ganuwar Fort Jesus har tsohuwar tashar jiragen ruwa, yana ce musu aboki da harshe huɗu, su kuwa suna ƙanƙame jakunkunansu kamar sun ga ɓarawo. Ya san su sarai. Mutane ne da za su baro gidajensu masu tsabta, su ƙetare teku, su zo su saki baki a gaban tsohon katako. In bango ya tsage su ce ya yi kyau. In rufi ya rufta su ce tarihi.

Ita ƙofar, kakan kakansa ne ya sa aka sassaƙa ta da katakon Indiya. Ta yi baƙi ƙirin, furannin sassaƙa sun zagaye ta, ƙusoshinta na tagulla sun dushe. Kombo bai taɓa ganin komai a jikinta ba sai nauyi da ƙara.

A ranar ne Bwana Fumo ya tsaya. Shi ne ke jagorantar baƙin manyan jiragen ruwa, mutum mai tumbi da lema, wanda bai taɓa amsa sallamar Kombo da baki ba sai da gira.

"Yaro, gidan wa ne wannan?"

"Namu ne, Bwana."

"Juma'a jirgi zai tsaya. Zan kawo mutum goma sha biyu su ga ƙofar nan, su shiga su sha gahawa a tsohon gida. In sun ji daɗi, duk jirgin da ya zo nan za mu riƙa tsayawa, kai za ka riƙa yi musu bayani. In ba su ji daɗi ba, garin nan ba ya rasa ƙofa."

Kombo ya raina shi har cikin ransa, amma ya miƙe ya riƙe masa lema har bakin titi. Wannan ce damar da yake jira, ya daina bin Turawa a rana, su su biyo shi gida.

Gidan a hannun ƙanwar ubansa yake, Bi Mwanaidi, wadda yake kira Shangazi. Tana kankare kwakwa ya gaya mata. Ta ajiye.

"Baƙi goma sha biyu, ranar Juma'a, kuma yau kake gaya mini?"

"Gahawa kawai za su sha, Shangazi."

"Gahawa kawai. A wane gidan aka haife ka?"

"A wannan."

"To ban ga alama ba."

"Don Allah kada ki taɓa komai. Tsufan suke so."

"In tsufa suke so su zo su kalle ni."

Ya yi dariya, ya ɗauka magana ta wuce. Washegari ya sami aikin kai wa wasu masu ninƙaya kaya tsibirin Wasini, ya tafi abinsa, bai dawo ba sai safiyar Juma'a.

Tun daga kwanar lungu warin fenti ya tare shi. Da ya ƙaraso sai ƙafarsa ta tsaya da kanta. Ƙofar ta koma koriya shar, tana ƙyalli kamar sabuwar motar haya. An shafe ƙusoshin da fenti ruwan azurfa. Duk inda katakon ya tsage an cike shi an lailaye, furannin sun nutse a ƙarƙashi, da ƙyar ake gane su. A gefe maƙwabcinsu Shee, mai fentin jiragen kamun kifi, yana wanke buroshi da kananzir.

"Sau uku na bi ta," in ji Shee. "Ko a teku ka jefa ta ruwa ba zai shiga ba."

Kombo ya tura ƙofar da gwiwar hannu ya shiga. Tsohon gadon nan mai dogayen ƙafafu ya ɓace daga zaure, an jera kujerun roba irin na gidan biki. An shimfiɗa sabuwar leda a ƙasa. Furannin roba a kan talabijin, talabijin ɗin kuma a kunne. Butar gahawa ta tagulla an cusa ta ƙarƙashin matakala, filas ja guda uku sun maye gurbinta. Ƙamshin shinkafar pilau da naman kaji da turaren wuta ya gauraye da na fenti.

"Shangazi, me kika yi?"

Ta fito cikin sabon zanen kanga, lalle har gwiwar hannu.

"Na fitar da kai kunya."

"Na ce kada ki taɓa komai."

"Ka ce. So kake matan unguwa su ji baƙi sun taso daga Turai sun tarar da ƙofar Mwanaidi kamar gindin tukunya? Uwata ko limamin ƙauye zai zo sai ta shafa wa bango farar ƙasa."

"Waɗannan ba baƙi ba ne, 'yan kallo ne."

"Duk wanda zai sha ruwan gidana baƙo ne. Je ka sa riga, kana warin kifi."

Bai kai ga sa rigar ba ya ji muryar Bwana Fumo a lungu, yana zuba Turanci game da Larabawan Oman da jiragen filafilai. Kombo ya leƙa. Fumo ya zo ya wuce gidan da lemarsa a sama, baƙi na biye da shi kamar agwagi, jajaye saboda rana. Sai da ya kai ƙarshen lungun ya tsaya, ya waiwayo, ya dawo a hankali yana duban gidaje ɗaya bayan ɗaya.

"Yaro, ina ƙofar?"

"Ita ce wannan, Bwana."

Fumo ya daɗe yana kallonta. Baƙin suka taru a bayansa, ba wanda ya ɗaga na'urar hoto. Wani dogon tsoho mai gajeren wando ya miƙa hannu ya shafa inda fure yake a da, ya ɗago tafinsa kore. Matarsa ta shiga goge masa da hankici tana magana ƙasa ƙasa.

Kombo ya tattaro duk Turancin da ya tsinta a titi. Ya ce musu ƙofar ta fi shekara ɗari, katakonta daga Indiya, kakan kakansa ɗan kasuwa ne mai jirage. Ya ce ƙofar da suka zo gani tana nan, tana ciki, a ƙarƙashin fentin. Wata mata ta yi masa irin murmushin da ake yi wa mai tallan da ba za a saya ba, ta juya tana ɗaukar hoton rusasshen bangon maƙwabta.

"Tana ciki," in ji Fumo a hankali. "To in ta fito ka aiko mini."

"Bwana, ku shiga mana, an yi abinci."

"Abinci suna da shi a jirgi."

Ya ɗaga lema, suka bi shi. Bi Mwanaidi tana tsaye a zaure da farantin alewa a hannu, ta ga bayansu.

"Waɗannan ne?"

"Su ne."

"Ko sallama babu. Dattijo da furfura yana yawo da wandon yara. Don waɗannan na hana kaina hutu?" Ta ajiye farantin. "Kira mini Shee da matan unguwa, abinci ba zai lalace ba."

Bayan sallar Juma'a zauren ya cika. Mata suka ci pilau suka sha gahawa daga filas, kowace ta shigo sai ta yaba ƙofar, ta ce gidan ya dawo hayyacinsa. Wata ma ta tambayi Shee ko akwai ragowar fenti.

Kombo ya zauna a waje da wuƙar yankan kifi, ya soma kankarewa daga kusurwar ƙasa. Fentin jirgi ne, ya kama katakon kamar tare aka halicce su. Ya ƙara ƙarfi. Wuƙar ta zame, fure ɗaya ya ɓalle gaba ɗaya ya faɗo a dakali, kore ta waje, baƙi ta ciki. Ya juya shi a hannu, ya ajiye wuƙar.

Abin da aka rasa ke nan: baƙi goma sha biyu da duk jiragen da za su biyo bayansu, kaji biyar, gwangwanin fenti biyu, furen sassaƙa ɗaya, da aikin da Kombo bai taɓa farawa ba.