'Yar Taki

Malam Gariba bai roƙi 'yarsa Luba komai ba sai abu ɗaya. Yana kwance a asibiti a unguwar Camberwell ta London, ciwon hanta ya gama cinye shi, ya kama hannunta ya ce, "Uwata, kada a sa ni a akwati. A ɗora kuncina a ƙasa, yadda aka yi wa babana."

Maƙabartar da ƙungiyarsu ta Hausawa ke kai mamata ba ta karɓar gawa sai a akwati, ramin ma da siminti ake ɗaure shi. Shekara da shekaru ana haka. Mutanen da suka tashi suna ganin ana kwantar da mamaci cikin likkafani, a jera itace, a tura ƙasa, su ne ke tsayawa ana zura 'yan uwansu cikin katako mai fenti da leda, suna cewa ƙasar mutane ce, ya za mu yi. Ko sau ɗaya ba wanda ya buɗe baki ya tambaya ko akwai wata hanya.

Luba ta tambaya. Baturiyar da ke kula da maƙabartar ta zagaya da ita wani fili mai ciyawa a can baya, ta ce suna tunanin buɗe shi ga masu son binnewa ba akwati ba siminti, daga likkafani sai ƙasa sai itatuwa. Abin da ya rage kawai, shugaban ƙungiyar ya zo ya ce jama'arsa na so.

Ranar Lahadi Luba ta tashi a taron ƙungiya a Woolwich, ana cikin rabon shinkafa. A London aka haife ta, ilmin muhalli ta karanta, Hausarta kuwa ta ɗakin girki ce. Ta fara da Turanci, sai shugaba, Alhaji Maharazu, ya ɗaga cokali.

"'Yata, yi mana da Hausa. Mene ne green burial ɗin nan? Koren likkafani za a ɗinka mana?"

Aka yi dariya. Luba ta koma Hausa.

"A'a, Baba Alhaji. Mutum zai koma ƙasa ne kai tsaye. Jikinsa ya narke, ya zama..." Ta lalubi kalma. Wadda ta zo mata ita ce wadda babanta ke faɗa in yana gyara tukwanen barkononsa a baranda. "Ya zama taki."

Ɗakin ya fashe da dariya.

"Taki?" in ji Alhaji Maharazu. "Kashin shanu kenan fa."

"Tumatir za a shuka a kanmu, a kawo kasuwar Woolwich!" wani ya faɗa daga baya.

Hajiya Katumi, aminiyar mahaifiyarta, ba ta yi dariya ba. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ubanki na can rai a hannun Allah, ke kina nan kina nema masa gona."

"Abin da ake yi a gida ne fa!" in ji Luba. "Shi ya roƙa. Zuwa kawai za ku yi ku ce muna so."

"An ji," in ji Alhaji, ya mayar da kai kan farantinsa. "Za mu duba."

Bai duba ba. Kafin mako ya zagayo sunan 'Yar Taki ya shiga kowace waya. Ta kira Alhaji bai ɗauka ba. Ta tare shi a bakin masallaci, ya ce mata cikin fara'a, a gaban mutane, "'Yar Taki, ya gonar?" Ta koma wurin Baturiyar ita kaɗai, matar ta ba ta haƙuri: ba za a buɗe fili don mutum ɗaya ba. A asibiti kullum Malam Gariba sai ya tambaye ta da ido, ita kuma ta ce masa ana kan magana.

Da safiyar wata Alhamis ya cika.

Mata ba sa bin gawa, don haka Luba ta fita baranda ta ɗebi ƙasa daga tukunyar barkono, ta ƙulle a hankici, ta damƙa wa wanta Baha'uddeen.

"Yaya, ka sa masa a ƙarƙashin kunci kafin a rufe. Ko wannan ya samu."

Ya gyaɗa kai ya sa a aljihu.

Da la'asar maza suka dawo flat ɗin Malam Gariba karɓar gaisuwa. Alhaji Maharazu ya zauna a kujerar mamacin yana yabon aikinsu.

"Akwati na gani na faɗa. Hannayensa kamar zinare. Ko tururuwa ba ta shiga."

Masawudu, wani direba ɗan Kumasi, ya ce, "Alhaji, kai ma nan kusa da shi za a sa ka ke nan?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Da na ji jiki ya fara, booking ɗin jirgi zan yi. A Daura za a sa ni, ƙasa ta taɓa ni kamar kowane Musulmi."

Dattawan suka ce haka ne, su ma haka suka shirya. Luba na tsaye a ƙofar kicin, ta ji komai.

A lungun bayan ƙofa Baha'uddeen ya same ta. Bai iya kallon fuskarta ba. Ya zaro hankicin daga aljihu, ƙullinsa ko kwancewa bai yi ba.

"Na fito da shi bayan wanka," ya ce a hankali. "Alhaji ya gani, ya ce takin ƙanwarka ne, mayar mata. Kowa na kallona, Luba."

Ta karɓa. Ƙasar da ɗumin jikinsa. Tana riƙe da ita Hajiya Katumi ta ɗaga murya daga falo.

"'Yar Taki! Baƙi na jiran shayi."