Jarumin Da Bai Yi Aski Ba

Auta tana durƙushe a bayan talabijin tana laluben inda wayar gem, wato wasan bidiyo, take shiga, Yaya kuma yana tsaye a kanta yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi.

"Ba nan ba. Ta ƙasa."

"Yaya, kullum fa ni nake haɗa abin nan."

"Shi ya sa kullum yake ƙin yi."

Baba yana kan kujerarsa ta kusa da taga. Hannunsa na dama yana cikin aljihun riga, inda ya tare tun da aka sallamo shi daga asibiti bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo. Hannun ma yana motsi, Baba ne ya ƙi ba shi aiki. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana aski, wanda ake bin layi a shagonsa saboda gyaran fuska, ba ya son a ga cokali yana rawa a yatsunsa. Likitar motsa jiki ta ja Auta gefe ta faɗa mata gaskiya: yatsun suna da rai, amma in ya ci gaba da ɓoye su za su sandare, in kuwa suka sandare shi ke nan. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Kyanwar gidan ce take motsa jiki da ƙwallon yanzu.

Shawarar gem ta Auta ce. Fad ɗin wasa, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, sai da hannu biyu. Yaya ya yarda nan take, sai dai tun daga ranar suke musu a kan wanne za a sa wa Baba, domin kowa yana da nasa. A na Yaya an gama yi maka jarumi: wani yarima da aka kora daga ƙasarsa, yana da sunansa, da muryarsa, da dokinsa, kai dai ka bi labari. A na Auta kuwa jirgin ruwa ne yake fashewa da kai a bakin wani tsibiri, ba ka da suna, ba ka da fuska, kai za ka ƙera kanka tun daga tsawo har launin ido.

"Gem ɗinki ba labari," in ji Yaya. "Mutum ya wuni yana gyara hanci."

"Naka kuma aron rai ne. An ɗinka riga an ce dole ta yi maka."

"To ai tela ne ya ɗinka ta. Ke kuwa ba ki yadi aka yi aka ce ki je ki ji da kanki."

Yaya ya girme ta, don haka nasa aka fara sakawa. Kiɗa ya tashi, duwatsu suka bayyana, ga yarima a kan doki iska tana kaɗa masa gashi har kafaɗa. Yaya ya ɗora fad a cinyar Baba yana bayani da zumuɗi: wannan na sara ne, wannan na tsalle, wancan dodon da ke kan dutse shi ya kashe uban yaron.

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wa yake yi masa aski?"

"Baba, yaƙi fa za shi."

"Da wannan gashin a ido? Ta ina zai ga dodon? A rage masa."

"Ba a ragewa. Haka aka yi shi."

"Ko saje?"

"Ko saje."

Baba ya ture fad ɗin da hannun hagu. "To ya je ya yi yaƙinsa. Ba ruwana da yaron da ba ya jin magana."

Mama, da take ninke wanki a kan doguwar kujera, ta yi dariya har zanin gado ya suɓuce mata. Auta ta ɗauke fad ɗin. Ta tashi a hankali ta canza gem, tana ƙoƙarin kada Yaya ya ga murmushinta.

Allo ya yi duhu, sai ga wani mutum a tsaye a bakin teku, kansa ƙwal, fuskarsa kamar wadda ba a gama ba. A gefe an jera abubuwan zaɓi.

"Wannan fa?" in ji Baba.

"Kai za ka yi shi, Baba. Da farko sana'a: ko mai takobi, ko maharbi, ko ɓarawo, ko mai sihiri."

"A'uzubillahi," in ji Mama. "Ɓarawo da matsafi a falona? Malam, kada ka soma."

"Akwai mai magani ma," Auta ta ƙara da sauri.

"Maharbi," in ji Baba. "Shi ne mai aikin ido da hannu."

Daga nan aka zo rabon baiwa. Gem ɗin yana ba ka maki kaɗan ka raba tsakanin ƙarfi, da hikima, da saurin hannu, da iya magana. Yaya, da ya ce ba ruwansa, ya matso har gwiwarsa tana taɓa tebur.

"A zuba a ƙarfi. Duk wanda ya san gem a ƙarfi yake zubawa."

"Ƙarfin me? Rabi a magana. Wanda ya iya hira, ko ya yanke mutum a kunne sai an dawo masa." Baba ya sake duban allo. "Sauran a hannu."

Auta ta zuba, ba ta ɗago ta dube shi ba.

Da aka iso kai da gashi, sai Baba ya gyara zama. Ya jawo fad ɗin da kansa, ya dafe shi a gwiwa, yana tura ƙaramar sandar da ke gefen hagu na fad ɗin da babban yatsa. Askin farko ya wuce, na biyu ya wuce. Ya yi tsaki a kan wani, ya ce wani kuma ba laifi, wanda ya zana shi ya taɓa zama a shagon aski. Can ya tsaya a kan wani mai ɗan sanƙo a gaba.

"Juya min shi in ga ƙeya."

Sandar dama ce take juya kai. Auta ta sani, Yaya ya sani. Yaya har ya miƙa hannu zai taya shi, Auta ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Ta daman ce take juyawa, Baba," in ji Auta. "Bari in ɗora shayi. Yaya, zo ka sauko min da sukari, yana can sama."

"Sukari yana kan—"

"Yana can sama, Yaya."

A kicin suka tsaya kamar masu laifi, butar shayi tana ƙara. Yaya ya yi raɗa: "In ya yi fushi ya shige ɗaki, ke kika ja." Abin da Auta take tsoro ke nan. Ta wanke kofunan da suke a wanke. Ta ƙara wanke su. Daga falo ba a jin komai sai ƙarar igiyar ruwan gem ɗin.

Sai muryar Baba: "Ka ji ƙeya kamar an daɓe ta da guduma. Ina abin da ake fito da ita?"

Da suka leƙo, fad yana tsakanin hannaye biyu. Babban yatsan dama yana kan sandarsa, yana rawa, yana zamewa, yana komawa. Kan da ke allo yana juyawa da ƙyar, ya wuce inda ake so, ya dawo. Mama ta ci gaba da ninke tawul ɗaya da ta riga ta ninke, idonta a kan tawul ɗin kawai. Auta ta ajiye shayi ta nuna masa inda ake tura ƙashin kai.

Rana ta sauka daga taga zuwa kan kafet suna nan. Baba ya fito da ƙeya, ya buɗe kunnuwa, ya ɗan karkatar da hanci, ya rage gemu ya bar gashin baki mai kauri. Duk abin da zai yi sai ya juya kan ya duba ta baya, kamar yadda yake zagaya kujera a shago.

"Wai wa kake yi ne haka, Malam?" in ji Mama. Ta ƙura ido, sai ta dafe ƙirji. "La ilaha! Wannan ai yayana ne!"

Kawu ne sak. Kunnuwan nan da suke hango gaba, da sanƙon da yake rantsuwa hula ce ta jawo masa.

"Tun kafin in aure ki nake aske kan nan," in ji Baba. "Ko a duhu na san shi. A nan ma akwai wani ɗan tudu da gem ɗinku bai da shi."

Yaya ya kwanta a kafet yana dariya. "Kawu da kwari da baka! Mutumin da ƙadangare yake kora daga tsakar gida!"

"Ka ga abin da nake faɗa maka," in ji Auta. "A naka za ka iya kai Kawu yaƙi?"

"A nawa da tuni mun kashe dodo uku. Nan ko takalmi ba a sa ba."

Saura gira kawai ya rage. Baba ya kai yatsa zai ɗan ɗaga ta hagu, sai yatsan ya zame ya faɗa kan wani maɓalli na gefe, wanda yake hautsina komai ya fito da fuskar da ya ga dama. Kawu ya ɓace. A wurinsa ga wani dodo mai koren gashi a tsaye kamar tsintsiya, da haƙora biyu a waje, da zobe a hanci.

Kowa ya zuba wa allo ido.

"A dawo da shi," in ji Baba.

Auta ta duba, ta sake dubawa. Ba su adana ba. Ita ce ya kamata ta tuna, daɗin kallo ya mantar da ita. "Ba ya dawowa, Baba," ta ce a hankali. "Sai dai a sake daga farko."

Baba ya dubi hannunsa. Yatsun suna rawa a kan fad, sun gaji. Auta tana ganin gwiwar hannun ta fara ja baya, wajen aljihu.

Baba ya ɗaga kai ya sake duban mai koren gashin. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Gefen bakinsa ya motsa.

"Haka Kawunku ya dawo min," ya ce, "shekarar da ya yi fushi da ni ya je wani shago."

Mama ce ta fara fashewa, har da hawaye. Baba ma ya yi dariya, irin wadda rabon da a ji ta tun kafin asibiti, kafaɗunsa suna girgiza. Ya share ido da bayan hannu, kuma da na daman ya share.

"Zauna da kyau, ɗan nan," ya ce wa dodon. "Na ga waɗanda suka fi ka lalacewa."

A karo na biyu bai daɗe kamar na farko ba. Ya san inda ƙeya take, ya san inda kunne yake. Wannan karon Auta tana adanawa bayan kowane gyara, har Yaya ya ce ta bar maɓallin ya huta. Abu ɗaya ne ya ƙi yi wa Baba daɗi: layin gaban goshi. Gem ɗin yana da iri-iri, amma duk a wurinsa ba su fita ba.

"Ba haka ake yi ba. Ana bin ƙashin goshi ne, ba a yanka shi kamar katako." Ya juyo zai nuna musu a kan mutum, idonsa ya sauka a kan Yaya. Ya daɗe a wurin. "Kai, wa ya yi maka wannan?"

Yaya ya shafa kansa. "Wani ne a kusa da ofis."

"Da ido a rufe?" Baba ya ajiye fad. "Auta, kilifata ta aski tana cikin durowar ɗaki. Da mataji, da farin ƙyallen."

Auta ta tashi da gudu kafin wani ya canza shawara. Da ta dawo, Yaya yana tsaye yana kallon hannun Baba, wanda har yanzu bai daina rawa ba.

"Baba, jibi fa ni zan yi bayani a gaban manyan ofis."

"To?"

"Ai ni irin jarumin gem ɗina ne. An gama ni. Ba a taɓawa."

"A gidan nan na Auta muke bugawa," in ji Mama, ta jawo kujerar cin abinci ta ajiye a tsakiyar falo.

Yaya ya dubi kujerar, ya dubi Auta. Ita dai ta rungume ƙyalle tana jira, ba ta roƙe shi ba. Ya ja dogon numfashi ya zauna.

"In ya karkace, hula zan sa," ya ce.

"Zai karkace," in ji Baba. "Sunkuyar da kai."

Auta ta ɗaura wa Yaya ƙyalle a wuya, ta jona kilifa. Baba ya karɓa da hannun dama, ya tallafe wuyan hannun da na hagu, ya dafa ƙeyar ɗansa da yatsa yana neman inda zai fara. A allo, Kawu yana tsaye a bakin teku da bakarsa a kafaɗa, bai taka ko'ina ba tukuna, gem ɗin yana ta jiran a ba shi suna. Kilifa ta fara ƙara.