Naman Gwaggo

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da likitancin dabbobi, da safe aji, da yamma asibitin dabbobi na jami'a, kuma duk ɗalibin da ya fita daga hannuna a jikin Gwaggo ya koyi aiki. Gwaggo saniya ce, tsohuwa, mai karkataccen ƙaho. Ɗalibai suka raɗa mata sunan saboda haƙurinta. Ɗalibi zai sa safar hannu ya zura har kafaɗa yana laluben mahaifa, ita kuwa tuƙarta kawai take yi. Ita kaɗai ta rage mana a garke.

Sai aka ce masu tantance sashenmu za su zo ranar Laraba. Shugaban sashe, Farfesa, wanda rabonsa da taɓa dabba tun ina ɗaliba, in ba a faranti ba, ya tara mu ya ce a yanka Gwaggo a karrama baƙi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da me za mu koyar?"

"Likita, kin cika kafiya. Za mu duba."

Ran Talata na tarar kofatonta ya kumbura yana ruwa. Na wanke, na yi mata allura, na rubuta da jan alli a allon garke cewa an sa mata magani, kada a ci namanta sai bayan kwana ashirin da takwas. Ɗan aji biyu ma ya san wannan ƙa'ida.

Laraba da sassafe aka kira ni wata gona, tunkiya ta kasa haihuwa. Na dawo da azahar, tun daga bakin ƙofa ƙamshin nama ya tare ni. Baba mai kiwo na zaune a kan turke, igiya a hannu.

"'Yata, wallahi na nuna wa Farfesa allon," in ji shi. "Ya ce dabararki ce kawai don ki hana."

Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Ko takalmin roba ban cire ba na faɗa ɗakin taro, kashin tumaki na bin sawuna a kan sabon kafet. An jera faranti, an fara bismilla.

"Kowa ya ajiye cokali! Akwai magani a naman nan."

Farfesa ya miƙe yana yaƙe. "Ku yi mata uzuri, ta kwaso rana ne."

Shugabar baƙin, wata dattijuwa mai farin tabarau, ta ture farantinta, ta tambaye ni sunan maganin da ranar da na yi allurar. Na faɗa. Ta buɗe takardunta ta ce, "Wa ke koyar da darasin duba nama a nan?"

Kowa ya juya ya dubi shugaban sashe. Farfesa ne, shekara ashirin.

Dattijuwar ta ce, "To, madalla. Likita, kai mu mu ga dabbar da ɗalibai ke koyon aiki a kanta."

"Ga ta nan a gabanki, ranki ya daɗe."

Da yamma ni da Baba muka haƙa rami bayan garke muka binne naman, tukunya uku. Ko loma ɗaya ba ta amfani kowa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Washegari takardar tuhuma ta iso ofishina, wai na kunyata sashe a gaban baƙi. Ni!

Ƙarfe goma ɗalibai arba'in suka hallara a garke kamar kullum, kowa da safarsa har kafaɗa. Farfesa ya aiko da kayan aikin da za mu ci gaba da shi: hoton saniya a jikin kwali. Na rataye shi a turken Gwaggo. Wata ɗaliba ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗaga hannunta mai safa.

"Malama, ta ina za mu fara?"