Kayan Auta Sun Riga Shi Isowa

Ƙanena Auta ya yi shekara goma sha tara yana aiki a wata ƙasa ta bakin teku. Da ya yanke shawarar dawowa, sai ya tattara komatsansa a kwantena, ya rubuta sunansa a gurbin mai aikowa, ya sake rubuta shi a gurbin mai karɓa. A lissafinsa zai riga kayan zuwa. Kwana tara da yin lodi ciwon ciki ya kwantar da shi, bai tashi ba, a can aka binne shi. Kayan kuwa suka iso lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Ni gyaran keken ɗinki nake yi. Ban yi kuka ba, kuma ba jarumta ba ce, kukan ne bai zo ba. Inna ba ta tambayar komai sai kayan. Tunda ba ta ga gawarsa ba, so take ta taɓa abin da hannunsa ya ɗaure.

Sabuwar tashar da aka sauke kwantenar tana bayan gari. Tashar jiragen ruwa ta kan tudu ake ce mata, alhali ko famfon banɗakinta ba ya kawo ruwa. Ƙasashe huɗu ne suka haɗa hannu suka gina ta, suka ja layin dogo tun daga teku, suka zuba takardun kowa a kwamfuta guda.

Na miƙa wa akawu takarduna ta ƙarƙashin gilashi.

"Malam, mai karɓa ne zai zo da kansa," in ji shi.

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. To sai a canza sunan mai karɓa."

"A canza."

"Mai aikowa ne kaɗai yake da ikon canzawa."

Na nuna masa gurbin mai aikowa da yatsa. Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya murza ido.

"Wallahi da a da ne, da biro zan soke in sa naka. Yanzu in na taɓa nan, ƙasa huɗu ke kallona." Ya sassauta murya. "Kuma ka sani, kayan da suka kwana talatin ba a karɓa ba, gwanjonsu ake yi."

Na rufe shago, na koma zaman tasha. Akwai wata kujerar roba a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, wadda ruwanta ke ɗiga cikin tsohon bokitin fenti, nan ne wurina. Ni da akawu muka rubuta wa tashar bakin teku, suka ce kwamiti zai duba batun mamata a zamansa na gaba. Ban ji haushi ba. Kullum in na koma gida Inna ta dube ni, in ce mata gobe.

A rana ta ashirin da bakwai na tarar an share fili, an kafa tutoci huɗu da rumfa. Wakilan ƙasashen ne za su zo ganin aiki. Manajan tashar, wanda bai taɓa amsa sallamata ba, ya taho yana share gumi, akawu na biye da shi.

"Baƙin nan sun ce ba kamfani suke son gani ba, ƙaramin mutum suke so a sallama a gabansu," in ji manaja. "Akawu ya ce kai kaɗai muke da shi. Zan buɗe maka da lambata ta sirri. Amma babu lokacin gyara suna. In an kira, ka amsa kawai."

Akawu ya kawar da kai, kamar ba shi ya haɗa abin ba.

Aka ara mini rigar ma'aikata mai ƙyalli, aka tsayar da ni gaban rumfa. Lasifika ta kira sunan ƙanena, cikakke, har da na mahaifinmu. Na ce na'am. Manaja ya danna abu biyu, allo ya koma kore, ƙugiya ta ɗauko kwantenar ta ɗora a kan mota. Wani ya duba agogo ya ce minti tara. Aka yi tafi. Na ga kowa yana yi, ni ma na tafa.

Shugaban wakilan, wani dattijo mai taushin hannu, ya riƙe hannuna ya yi magana cikin harshensu. Tafinta ta matso kusa da kunnena.

"Ya ce ya gani a takarda ka yi shekara goma sha tara a ƙasarsu, sun gode da aikinka. Yana yi maka barka da dawowa gida."

"Na gode," na ce.

Dattijon ya ƙara wata magana, yana murmushi, bai saki hannuna ba.

"Yana tambaya, mahaifiyarka tana raye?"

"Tana nan."

"Ya ce lallai ta yi murna da ganinka."

Mai hoto ya ɗaga hannu ya ce in ɗan saki fuska. Na saki.