Hodin Bakin Fadama

Duk wanda ke zaune a Unguwar Gawo ya san muryar Munzali tun kafin ya san fuskarsa. Unguwar tana gefen Birnin Kebbi ta hanyar Argungu, inda ma'aikatan da unguwar Gesse ta cikin gari ta yi wa tsada suka zo suka yanka gonaki suka zuba gidajen bulo, suka tura tsofaffin gidajen laka can bakin fadama. Munzali malamin firamare ne, shi ne kuma sakataren kwamitin unguwa, amma abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne lasifikar masallaci. Ɗaurin aure, suna, gayyar yashe kwata, duk ta bakinsa suke fita. Kuma shi ba ya faɗin suna tsirara. Sai ya naɗa masa rawani ya zura masa babbar riga, ko da tunkiya ce kawai ta ɓace wa mai sunan.

Wata Talata, gari ya waye yana naɗe wayar makirufo, sai Tamba ɗan kabu-kabu ya taka birki a ƙofar masallaci, ko mashin bai kashe ba. Ya ce Hodi ya cika, jana'iza da hantsi, a sanar da jama'a, shi zai wuce Zauro ya gaya wa dangi. Ya ja mashin ya yi gaba.

Munzali bai yi tambaya ba. Hodi ɗaya ya sani a duniya: Alhaji Hodi, tsohon darakta, mai gida mai koren get, wanda ya saya wa masallacin janareta, wanda kowa ya san hawan jini na wasa da shi. Ko tsayawa bai yi ya tambayi kansa me ya haɗa Alhaji da Zauro ba. Ya mayar da waya ya jona, ya yi gyaran murya, ya sanar da rasuwar Alhaji Hodi, uban unguwa, gatan marasa gata, ya ce za a yi sallah a ƙofar gidansa mai koren get. Har rawa muryar ta yi, kuma a ransa ya ji daɗin yadda ta yi rawar.

Kafin rana ta ɗaga layin ya cika da motoci da mashina. Har an fara shimfiɗa tabarmi sai get ya buɗe, mamaci ya fito cikin jallabiya da asawaki a baki yana tambayar lafiya. Aka yi salati, sannan wani ya fashe da dariya, shi ke nan kowa ya ɗauka.

"Malam Munzali," in ji Alhaji Hodi yana share hawayen dariya, "in ka gaji da ni ka hwaɗi mani. Ba sai ka kashe ni da lasihikar da ni ka ba wuta ba."

Ya sa aka fito da shayi da ƙosai, ya ce ba kowa ke samun ciyar da masu yi masa ta'aziyya ba. Ana cikin sha wani dattijo ya ce to ai akwai wani Hodi can bakin fadama, cikin tsofaffin gidaje, ko shi ne? Aka ce Allah ya jiƙansa. Aka duba agogo. Masu ofis suka tuna da ofis, masu kasuwa suka tuna da kasuwa, taro ya watse kowa na maimaita labarin a waya.

Munzali ya san abin da ya kamata ya yi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Masallaci ga shi nan kusa, mutane ba su gama tayar da motoci ba. Abin yi kawai shi ne ya koma ya ɗauki makirufo ya ce ya yi kuskure, mamacin yana bakin fadama, a taimaka a je. Amma da ya tuna cewa da bakinsa zai faɗa wa unguwa gaba ɗaya ya yi kuskure, sai ƙafarsa ta ƙi. Ya ce wa kansa ai an ɗauke wuta. Ya ce wa kansa janareta ba mai. Makullin ɗakin janaretan kuwa yana cikin aljihunsa, kuma shi da kansa ya cika tankin jiya. Ya sulale ta bayan layi ya shige gida ya kwanta, wai kansa ke ciwo.

Matarsa Adawiyya ba ta yi masa dariya ba, shi ya fi ciwo. Tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, ba tare da ta dube shi ba, Alhaji dai ya tashi, ɗayan kuwa yana nan kwance yana jiran mutane.

Da ƙafa ya tafi bakin fadama. Bai taɓa shiga cikin gidajen nan ba, sai hango su yake daga titi. Bai sha wahalar gane gidan ba, amma ba taro ne ya nuna masa ba. Keke ne jingine da zana, tsoho, mai shuɗin fenti, da igiyar roba a kariya inda ake ɗaure buhun albasa. Nan take ya gane shi. Keken nan kullum yana jingine a gindin sandar lasifika. Mai shi wani tsoho ne siriri da ke zama ƙarshen sahun gaba, wanda duk lokacin da Munzali ya gama sanarwa sai ya kama hannunsa ya ce madalla da wagga murya. Shekara da shekaru Munzali na ce masa Baba mai albasa. Bai taɓa tambayar sunansa ba.

Mutanen da suka taru ba su kai su cika zaure ba. Limamin bakin fadama ya dube su, ya dubi hanyar da ke zuwa daga gidajen bulo, ya ɗan jira, sannan ya raba su sahu uku don kada mamaci ya rasa falalar, kowane sahu ɗan guntu. Munzali ya tsaya a na baya. Da aka ɗauki makara ya sa kafaɗa, kuma har aka kai maƙabarta ba wanda ya karɓe shi, don babu mai karɓa. Kafaɗar ta yi tsami, ya ji dama ta fi haka.

Da aka dawo ya nemi ya gai da matar mamacin. A hanya ya shirya abin da zai faɗa, ya yi niyyar faɗin gaskiya duka, har da makullin. Aka ce masa sunanta Balaraba, tana bayan zana. Ya durƙusa ya ce Inna, ya haƙuri, shi ne Munzali.

"Na gane ka, Malam, wa zai ɓace wagga murya?" in ji ta. "Da sahe ina zaune kusa gare shi sai iska tak kawo ta. Sauran maganar ban ji ba, nisa, amma sunan na ji shi sarai. Alhaji Hodi, kac ce."

Munzali ya buɗe baki. Ta riga shi.

Ta ce kada ya damu da ƙarancin mutane, ta san mutanen gidajen bulo ma'aikata ne, ranar aiki ce, Allah ya ba su ladan niyya. Ta ce marigayi kullum in ya dawo masallaci sai ya kwaikwayi sanarwar a tsakar gida har ta yi dariya, yana cewa shi dai burinsa ran da ya mutu muryar nan ta kira sunansa.

"Tun muna da ƙarhi shike son zuwa Makka, albasa ba ta kai shi ba," ta ce, muryarta a sanyaye. "Yau kai kak kai shi. Allah shi biya ka, Malam."

Mazan da ke zaune a tabarma suka ce amin. Suka juyo suna jiran tasa. Munzali yana durƙushe, hannunsa cikin aljihu ya damƙe makullin har ya shiga naman tafinsa, ya motsa baki, amma ko ita da ke bayan zana ba ta ji abin da ya ce ba.